Gonakin Mahuta da awon igiya: Ƙananan hukumomi su buɗe littafin filaye

Garuruwa biyu ne ke amsa sunan Mahuta a kudancin Jihar Katsina. Akwai ta Ƙaramar Hukumar Ƙafur, wajen Malumfashi, akwai kuma ta Ƙaramar Hukumar Ɗandume, wajen Funtuwa. Baƙo kan rikita su. Amma ga manomi bambancin bai taka kara ya karya ba, domin duka biyun suna zaune ne a kan ƙasar da ke ciyar da jihar da masara da dawa da waken soya, ta kuma daɗe tana ba masaƙu auduga. A nan babu dukiyar da ta kai gona.

Da kaka ta kama, an kai buhuna kasuwar Ɗandume ko ta Bakori kuɗi sun shigo hannu, sai wata kasuwar ta buɗe, wadda ba ta da rumfa ba ta da ranar ci. Wani zai sayar da gona don aurar da 'ya, wani don biyan bashin taki, wasu kuma magada ne da suka kasa jituwa suka ce a sayar kowa ya kama gabansa. Idan gonar tana can cikin daji, maƙwabci ne ke saye ya haɗa da tasa. Idan kuwa tana bakin kwalta ko bayan gari, to ta gama ganin garma. Dillali zai zo da igiya da turaku a yanka ta fuloti-fuloti, a rubuta ciniki a fallen takarda, mai unguwa ya sa hannu, shaidu su dangwala, a raba la'ada, a shafa fatiha.

Wannan shi ne awon igiya, kuma da shi ake kafa sababbin unguwanni da dama a wannan yanki. Babu mai tambayar ina hanya za ta bi, ina ruwa zai bi, ina za a sa makaranta, ina za a binne mamaci nan da shekara 20. Babu kuma mai rubuta cinikin a wani littafi da zai wanzu bayan mai unguwar da shaidun sun kwanta dama.

Ra'ayin wannan jarida shi ne, aikin nan na ƙananan hukumomi ne, doka ta ɗora musu shi tun 1978, kuma lokaci ya yi da za su zauna su sake duba duk izinin da aka bayar a kan filaye, su fayyace wane wuri ne na noma, wane ne na gini, wane ne kuma na kowa da kowa. Sai dai akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi kiran nauyi: a yi shi a bainar jama'a. Bitar da za a yi a ofis an turo ƙofa, gara ba a yi ta ba.

Abin da doka ta ce

Dokar Amfani da Ƙasa ta fara aiki ne ranar 29 ga Maris, 1978, zamanin mulkin soja na Janar Olusegun Obasanjo, aka kuma cusa ta cikin kundin tsarin mulki ta yadda ba a taɓa ta sai an bi doguwar hanyar gyaran kundin. Abin da kowa ya sani game da ita shi ne ta damƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ta raba aikin gida biyu. Wurin da gwamna ya ayyana a matsayin birni yana hannunsa kai-tsaye. Sauran kuwa, wato ƙauyuka da gonakinsu, kula da su yana hannun ƙaramar hukumar da suke ciki.

Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya don noma, ko gina gida, ko kiwo. Ya kuma sa mata iyaka: ba za ta ba mutum guda fiye da hekta 500 don noma ko hekta 5,000 don kiwo ba sai da yardar gwamna. Sashe na 2 ya ce kowace ƙaramar hukuma ta kasance da kwamitin da zai riƙa ba ta shawara kan rabon filaye. Sashe na 21 kuma ya ce ba a sayar da irin wannan haƙƙi, ko a jinginar da shi, ko a miƙa shi ga wani, sai da amincewar ƙaramar hukuma.

Mai karatu da ke Mahuta ko Gozaki ko Masari ya tambayi kansa: yaushe rabon da ya ji an ce kwamitin filaye na ƙaramar hukumarsa ya zauna? Su wa ke ciki? A cikin cinikin gona goma da ya halarta, nawa aka kai sakatariya?

Akwai ma abin da ya fi wannan ɗaure kai. Sashe na 36 ya amince cewa duk wanda yake noma wata gona a karkara kafin dokar ta fara aiki zai ci gaba da riƙe ta tamkar ƙaramar hukuma ce ta ba shi, ko da bai taɓa taka sakatariya ba. Wannan babbar kariya ce ga talaka, kuma ya kamata kowane manomi ya san da ita. Amma sashen ya ci gaba da cewa ba a yarda a yanka irin wannan gona fuloti-fuloti ba, ba a yarda mai ita ya miƙa ta ga wani ba, duk takardar da aka rubuta a kan haka ba ta da ƙarfi a shari'a, kuma waɗanda suka sa hannu na iya fuskantar tarar Naira 5,000 ko ɗaurin shekara 1. Lauyoyi sun daɗe suna ja-in-ja kan yadda za a sasanta wannan da sashe na 21. Mu dai abin da muke gani shi ne, tarar da a 1978 za ta iya sayen mota, yau ko tankin babur ba za ta cika ba, kuma dubban mutane na riƙe da takardun da suke ɗauka garkuwa ce alhali ƙarfinsu bai wuce na shaidun da suka dangwala ba.

A faɗi gaskiya, dokar ta haramta abin da Bahaushe ya daɗe yana yi ne. Baturiya Polly Hill da ta yi bincike a Batagarawa a shekarun 1960 ta tarar manoma suna saye da sayar da gonaki. Paul Clough da ya zauna a Marmara ta ƙasar Malumfashi daga 1977 shi ma ya iske haka. Saye da jingina da aro da haya da gado duk hanyoyi ne da ƙasa ke sauya hannu tun kaka da kakanni, kuma babu shugaban ƙaramar hukumar da zai hana su ko da ya so. Saboda haka duk bitar da ta fara da cewa za ta hana cinikin gona ta mutu tun kafin a haife ta. Abin da ake nema shi ne a rubuta cinikin a wurin da ba zai ɓata ba, sannan a sa ido a lokacin da gona za ta daina zama gona.

Abin da igiya ba ta aunawa

Mai yanka fuloti ɗan kasuwa ne, kuma duk takun da ya bari don hanya asara ce a wurinsa. Shi ya sa ake samun lungun da mota ba ta shiga, balle motar kashe gobara, wani lokaci ko makara sai an karkata ta. Kwarin da ruwa ke bi tun kafin a haifi mai gonar shi ma fuloti ne a idon dillali, domin da rani ake ciniki, ruwa kuwa sai Agusta yake zuwa neman hanyarsa. Mutanen wannan jiha ba su manta da ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 ba, wadda ta ci fiye da mutum 40 a dare ɗaya.

Sannan ba kowace gona ake yankawa ba, mafi kyawun ake yankawa. Gonakin bayan gari su ne suka sha takin gida shekara da shekaru, su ne ake nomawa kowace damina ba hutu, su ne mace ko tsoho zai iya zuwa da ƙafa ya dawo kafin azahar. Yau da tsaro ya lalace, su ne ma waɗanda ake iya nomawa da kwanciyar hankali. Su ne kuma siminti ke fara rufewa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Katsina mutum miliyan 5.8 a kan ƙasar da ba ta wuce murabba'in kilomita 24,000 da 'yan kai ba. Jama'ar ta ƙaru sosai tun daga lokacin, ƙasar kuwa tana nan yadda take.

Ba muna cewa kada gari ya girma ba. Dole ya girma. An buɗe tashar sauke kaya ta tudu a Funtuwa a Mayun 2024, kuma idan Allah Ya sa ta kankama za a buƙaci rumbunan ajiya da wurin tsayawar manyan motoci da gidajen mai da masaukin baƙi a kan hanyoyin da suka nufi Bakori da Malumfashi da Ɗandume. Wannan alheri ne. Amma alherin da ba a tanadar masa wuri ba kan sauka ne a inda ya ga dama: gidan mai a jikin makarantar firamare, injin casar shinkafa a tsakiyar gidaje, rumbun taki da maganin feshi a bakin rijiyar unguwa.

Babbar asarar kuwa ita ce ta abin da ba na kowa ba, wato na kowa da kowa. Burtali ba ya ɓacewa rana ɗaya. Mai gonar dama ya ƙara kunya ɗaya bana, na hagu ya ga ba a ce komai ba ya ƙara biyu baɗi, bayan shekara goma hanyar da garke ke bi ta koma ta ɗan akuya. Haka mashaya, haka filin makiyaya, haka gefen maƙabarta da filin Idi da filin ƙwallon makaranta. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo tun 1965, amma doka ba ta tsare iyaka idan babu mai zagayawa ya duba turaku.

Ba za mu ce cinye burtali ne kaɗai ya haifi ta'addancin daji ba. Wannan rage wa magana nauyi ne, kuma cin fuska ne ga waɗanda aka kashe wa 'yan uwa ba su ji ba ba su gani ba. Amma duk mai gaskiya ya san rikicin gona da kiwo yana cikin tushen abin. Mutanen Mahutar Ɗandume sun san inda wutar ta kai: a Disambar 2020, 'yan kwanaki bayan sace ɗaliban Ƙanƙara, 'yan bindiga sun tare ɗaliban Islamiyya kusan 80 a kan hanyarsu ta dawowa daga Maulidi, Allah Ya sa aka kuɓutar da su. Yankin da ya ga irin wannan bai kamata ya ɗauki maganar iyakar burtali a matsayin ƙaramin aikin ofis ba.

Kuma kada wani ya ce tsara ƙasa baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin harimin gari da na rijiya da na rafi, wato sararin da ba a yarda wani ya mallake ba saboda amfanin jama'a, sun kuma san hurumin da shugaba ke keɓewa don kiwo. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa tun a ƙarni na 19. Liman zai iya yin huɗuba a kan wannan ba tare da ya buɗe dokar 1978 ba.

Tsoron da ke da dalili

Mun san abin da manomi zai ce idan ya karanta wannan. Zai ce a bar mu da mai unguwarmu, shi dai mun san gidansa. Duk ranar da hukuma ta ce za ta "duba takardu", abu biyu ke biyo baya: ko sabon haraji, ko a soke na mai ƙaramin ƙarfi a ba mai uwa a gindin murhu. Ba za mu ce ƙarya yake yi ba.

Tsoron yana da tushe a cikin dokar kanta. Sashe na 6 da ya ba ƙaramar hukuma ikon bayarwa, shi ne ya ba ta ikon karɓe fili don amfanin jama'a. Diyyar da doka ta tanada kuwa ba ta ƙasar ba ce, ta abin da ke kanta ce: gini, itatuwa, amfanin gona. Ke nan mutumin da aka karɓe wa gonar bakin titi da dillalai ke tayawa miliyoyi, za a ƙirga masa ɗorawa da mangwaro da karan dawa a ba shi abin da ba zai sayi rabin fuloti a cikin gonar tasa ba. To, mai hankali da ya ji ƙishin-ƙishin cewa awon gwamnati na tafe, me zai yi? Zai kira dillali da igiya tun da wuri. A nan ne tushen awon igiya yake. Ba jahilci ba ne, lissafi ne, kuma lissafin daidai ne.

Muddin ba a gyara wannan lissafi ba, babu sanarwar rediyo da za ta hana yanka gonaki. Mafita ita ce a sa mai gona ya ci ribar awon hukuma fiye da yadda zai ci ta dillali. Idan za a yanka gonarsa, a cire hanya da magudanar ruwa da filin makaranta da asibiti, sannan kaso mai tsoka na fulotan da suka rage ya koma hannunsa da takarda, a rubuce tun kafin a kafa turken farko. Fuloti mai hanya da takarda ya fi wanda ba shi da su daraja, saboda haka ko da adadin ya ragu, kuɗin ba zai ragu ba.

Akwai kuma wata kariya a sashe na 6 da ba a cika gaya wa manoma ba: idan gona ce ƙaramar hukuma ta karɓa, wajibi ne ta ba mai ita wata gonar a madadi. Idan kuma ta ƙi biyan diyya cikin lokacin da ya dace, gwamna na da ikon sa a ƙiyasta ya umarce ta ta biya. Ya kamata a fassara waɗannan layuka da Hausa, da boko da ajami, a manna a ƙofar kowane hakimi. Arewa ta taɓa ganin ƙarshen raina manomi a kan diyya. A Afrilun 1980 a Bakolori, kusa da Talatar Mafara, 'yan sanda sun buɗe wuta a kan manoman da suka tare hanya suna neman haƙƙin gonakin da aikin madatsar ruwa ya cinye, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Tsakanin sakatariya da Katsina

Wata matsalar ita ce ba kowa ya san inda ikon ƙaramar hukuma ya tsaya na jiha ya fara ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta yi tanadin matakai uku, har da hukumar tsarawa a kowace ƙaramar hukuma, amma a 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar cewa tsara gari hurumin jihohi ne. Don haka abin ya dogara ga abin da kowace jiha ta ga damar sauke wa na ƙasa da ita. A Katsina akwai hukumar tsara birane ta jiha, gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa kuma ta kafa hukumar KATGIS don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, kamar yadda Abuja da Kaduna da Kano suka yi. Mataki ne mai kyau, muna yaba shi.

Sai dai manomin Mahuta ba zai bar gonarsa ya shiga mota zuwa Katsina, ya kwana, ya biya mai awo, don gona mai buhu 15 ba. Idan sabon tsarin ya tsaya a kan masu iya zuwa babban birni, sakamakonsa shi ne mai kuɗi zai riƙe takardar gwamna, mai gona ya riƙe fallen takarda, ranar da suka haɗu a kotu kuma an san wanda zai fi jin jiki. Gwamna na da ikon bayar da takardar mallaka a ko'ina cikin jiha, birni ko ƙauye. Wannan ne ya sa dole a ce babu takardar da za ta fito daga Katsina a kan filin karkara sai an tabbatar a littafin ƙaramar hukuma cewa babu mai shi, an kuma yi shela a garin. Haka kuma gwamnatin jiha ta wallafa taswirar wuraren da aka ayyana a matsayin birni a Funtuwa da Malumfashi da sauran hedikwatoci, kowa ya ga inda layin ya bi. Mutum ya cancanci sanin ko gonarsa na ƙarƙashin ciyaman ne ko gwamna.

Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan wannan jiha, ya ga matsalar tun da wuri. Gyaran dokar ƙasa na cikin manufofinsa bakwai, kuma a 2009 ya kafa kwamitin ƙwararru ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje don a bi gona-gona a yi rajista. Rasuwarsa ta rage wa aikin ƙarfi. A daidai wannan lokaci ƙasar Ruwanda ta ɗauki irin wannan hanya, da hotunan sama da matasan ƙauye da aka koya wa awo, ta yi wa filaye fiye da miliyan 10 rajista cikin 'yan shekaru.

Ba ma sai an je Ruwanda ba. A tsallaka Jibiya a shiga Maraɗi. Bayan kisan Toda na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci fiye da mutum 100, Jamhuriyar Nijar ta fitar da dokar karkara a 1993, wadda ta kafa kwamitocin filaye da daga baya suka sauka har matakin ƙauye. Mai gari ne ke shugabantar na ƙauye, akwai wakilan manoma da na makiyaya da na mata, su ne ke shaida saye da aro da jingina da gado a takarda mai tsari ɗaya, su ne kuma ke sa ido kan turakun da aka kafa a gefen burtali. Tsarin yana da nasa raunin, wasu kwamitocin suna ne kawai saboda rashin kuɗi. Amma ya nuna abu guda: ba sai an ture sarauta ba kafin a kawo tsari. Mai unguwa da magaji da hakimi su ne suka san iyakar kowace gona. Abin da ya rage shi ne a ɗauke sanin daga ƙwaƙwalwarsu a sa a littafi, a kuma sa musu abokan zama, domin sa hannun mutum ɗaya a kan dukiya mai yawa jarrabawa ce ko ga waliyyi.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne babu kuɗi, babu iko. Ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye, kuma duk da aiwatar da shi na tafiyar hawainiya, ranar 15 ga Fabrairu, 2025 an zaɓi shugabanni da kansiloli a ƙananan hukumomi 34 na jihar. Kundin tsarin mulki ya riga ya lissafa musu maƙabartu da kasuwanni da tashoshin mota da tituna da magudanan ruwa da sa wa tituna suna a cikin ayyukansu. Ba a gina ko ɗaya daga cikin waɗannan a iska. Ciyaman da bai tanadi fili yau ba, magajinsa zai sayi filin da tsada gobe, ko ya rushe gidan wani.

Daga ina za a fara

A fara da kafa kwamitin da doka ta ce, a sanar da sunayen 'yan kwamitin a rediyo da masallatan Juma'a. Kada ya zama wurin sallamar 'yan siyasar da ba su samu muƙami ba. A sa manomi na gaske, da Ardo, da mace, da malamin da ya san rabon gado, da mai awo.

Aikin farko kada ya zama gonar kowa. A fara da kayan jama'a: a zagaya da ƙafa, mazaɓa-mazaɓa, tare da dattawan gari, a auna burtali da mashaya da maƙabarta da filin makaranta da hanyar ruwa, a kafa turakun siminti, a ɗauki alamar wurin da waya, a manna taswirar inda kowa zai gani. Wannan ba ya buƙatar biliyoyi. Yana buƙatar rani ɗaya da shugaban da ba ya tsoron ɓata wa wani babba rai, domin ba talaka kaɗai ke cin burtali ba.

Bayan nan sai ƙaramar hukuma ta fito da nata littafin: duk filin da ta bayar a shekarun baya, ga wa, hekta nawa, don me, kuma me ake yi da shi yanzu. Wanda aka ba daji don noma ya bar shi yana jiran ya yi tsada, jama'a su gani. A ba da wa'adin ƙorafi, a saurare shi a fili. Kada a soke takardar kowa sai an ba shi dama ya kare kansa, kada kuma a sake raba filin da aka soke ga 'yan kwamitin ko iyalansu.

Rajistar ƙananan gonaki kuwa ta zama kyauta, ko kuɗin da bai wuce na fom ba, a kuma yi ta a garin, ba a sakatariya ba. Idan aka haɗa ta da haraji a shekarar farko, babu mai zuwa. A rubuta sunan kowane magaji, har mata. Sau nawa 'yan uwa maza ke sayar da gonar gado, 'yar uwarsu da ke aure a wani gari ta ji labari bayan an zuba harsashin gini? A rubuta jingina da aro a matsayin jingina da aro, domin yawan shari'un gona daga nan suke tasowa, uba ya ba da aro, jikan mai aro ya ce gado ne.

Unguwannin da aka riga aka gina da awon igiya kuwa, rusau ba shi ne magani ba, sai wanda ya zauna a tsakiyar hanyar ruwa, shi ma a sama masa madadi. A zauna da masu gidaje a buɗe hanya inda za ta buɗu, a ba su takarda. Amma daga ranar da aka sanar, duk sabon yanka sai an kawo zanensa an ga faɗin hanya da mafitar ruwa kafin mai unguwa ya sa hannu.

Akwai abu ɗaya da ba zai jira duk wannan ba. Dubban mutane daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara da Ɗandume sun bar gonakinsu sun koma Funtuwa da Malumfashi da wasu garuruwa saboda 'yan bindiga. Wasu sun sayar da gona a wulaƙance don haɗa kuɗin fansa, wasu sun bar ta ba kowa, wasu kuma mai gidan da ya san iyakar ya rasu ya bar marayu. Duk ranar da zaman lafiya ya dawo, waɗannan mutane za su koma, kuma wasunsu za su tarar da wani a ciki yana riƙe da takarda. Ƙananan hukumomin da abin ya shafa su ba da umarni tun yanzu cewa babu mai unguwa ko magajin da zai shaida cinikin gonar ɗan gudun hijira sai mai ita ya zo da kansa ko magadansa sun hallara, sannan a buɗe rajista a garuruwan da suke zaune, kowa ya faɗi gonarsa da maƙwabtanta huɗu tun masu shaida suna raye.